Wa ke tuna edita? Zaren tunawa da Karl Edward Wagner

Baban Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Oktoba ya kama, kuma a irin wannan wata ne a 1994 marubucin labaran ban tsoro kuma edita Karl Edward Wagner ya rasu a gidansa da ke Chapel Hill, jihar Carolina ta Arewa a Amurka, yana da shekara 48. Na ce bari in buɗe zare a kansa, don akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk inda aka ambaci sunan mutumin nan, sai ka ji an kawo Kane, jarumin nan mai jan gashi da takobi, ko a kawo gajeren labarinsa "Sticks". Ba na musun ingancinsu. Amma a wurina babban aikinsa shi ne The Year's Best Horror Stories, kundin zaɓaɓɓun labaran ban tsoro na shekara-shekara da kamfanin DAW ke bugawa. Ya karɓi jerin daga hannun Gerald W. Page a juzu'i na 8 a 1980, ya riƙe shi har juzu'i na 22 a 1994. Juzu'i 15 ke nan, kowace shekara ɗaya, babu fashi. Da ya mutu, jerin ma ya mutu. Abin da nake so mu tattauna: me ya sa idan edita ya rasu, ta'aziyyar da ake masa a mujallu ta fi karkata ga ɗan abin da ya rubuta da hannunsa, a manta da tulin abin da ya zaƙulo?

Ɗan Auta:
Wa alaikumus salam Baba. Ni dai a yi mini afuwa, yau na fara jin sunan. Kuma tsakani da Allah, mene ne wahalar aikin? Wasu sun rubuta labarai, kai ka tattara ka sa sunanka a bango. Ni ma ai zan iya.

Maman Ilham:
Auta, ka taɓa tsince shinkafa 'yar Hausa? Wadda ta zauna da faifai ta fitar da tsakuwa ba wanda ke yaba mata idan an ci an ƙoshi, mai girki ake yabo. Ranar da haƙorin wani ya ci karo da dutse, ranar ake tambayar wa ya tsince. Aikin ke nan.

Baban Sadiq:
Hajiya ta gama magana. Amma bari in ƙara maka, Auta, don ka ga girman faifan. A shekarun 1980 intanet bai zo hannun jama'a ba. Labaran ban tsoro suna warwatse ne a manyan mujallu irin su Twilight Zone, da kundayen manyan kamfanoni, sai kuma ƙananan mujallu da masoya ke bugawa da kuɗin aljihunsu, wasu a naɗe da ƙusar sitefila, kwafi kaɗan, sai ta gidan waya za ka same su. Whispers, alal misali, wani likitan haƙori ne mai suna Stuart David Schiff ya fara ta a 1973. A Ingila akwai Fantasy Tales ta Stephen Jones da David Sutton tun 1977, da Ghosts & Scholars ta Rosemary Pardoe wadda ta keɓanta ga labaran fatalwa irin na M. R. James. Wagner yana bin waɗannan duka, na Amurka da na Ingila, yana karantawa. Mafi yawan abin da ke cikin ƙananan mujallu tarkace ne, kowa ya sani. Sai ka karanta labari talatin marasa kan gado kafin ka ci karo da wanda zai hana ka barci. Shi ya ɗauki wannan wahalar shekara 15, mu kuwa muka samu ɗan littafi mai arha wanda ke shiga aljihu.

Fatalwar Zariya:
Likitan haƙori yana buga mujallar ban tsoro, likitan ƙwaƙwalwa yana zaɓen labaran. Allah ya raba mu da asibitin da waɗannan biyun ke kan aiki.

Ɗan Auta:
Au, shi ma likita ne?

Nas Mai Dare:
Ƙwarai. Ya fara karanta tarihi a Kwalejin Kenyon, ya gama a 1967, sannan ya yi karatun likita a Jami'ar Carolina ta Arewa, ya bi ɓangaren masu taɓin hankali. Bai daɗe a aikin ba ya ajiye ya koma rubutu. Kuma ɗan babban gida ne a Knoxville, mahaifinsa ya shugabanci hukumar kwarin Tennessee mai kula da madatsun ruwa da wutar lantarki. Idan kun karanta labaransa na baya-baya za ku ga bai bar asibiti a bayansa ba. Likitocin cikinsu ba masu ceto ba ne, kuma abin tsoron sau da yawa yana cikin kan mutum ne ko a cikin kwalbar magani. Mu da ke kwana a ɗakin marasa lafiya mun fi jin waɗannan a jiki fiye da na dodanni.

Mai Gwanjo:
Salamu alaikum. Na shigo a makare, amma ban yarda a naɗa wa Wagner rawani ni ina zaune ba. Mu da muka taso da littattafan gwanjo na bakin titi, wanda muka sani shi ne Herbert van Thal. The Pan Book of Horror Stories, daga 1959, juzu'i 25 ya haɗa kafin ya rasu a 1983, jerin kuma ya kai 30. Littattafan Ingila su suka fi zuwa hannunmu, na DAW masu rawayen ƙeya sai an dace. Idan maganar editan da ya shigar da mutane wannan harka ake yi, van Thal ya ninka Wagner. Kuma shi ne ainihin wanda aka manta. Wagner ai gata ne da shi, har lambar yabo aka sa wa sunansa.

Baban Sadiq:
Malam, sannu da zuwa, dama na san ba za ka bari ba. Ban raina van Thal ba, juzu'o'insa na farko suna da kyau. Amma ka faɗi gaskiya, daga tsakiyar jerin zuwa ƙarshe me ya rage? Yanka da jini da azabtarwa, marubuta da yawa ma da sunan aro suke fitowa. Ya gano abin da kasuwa ke so ya dinga zuba mata. Wagner kuwa a lokacin da aka rabu gida biyu a Amurka, ɓangaren Charles L. Grant da jerin Shadows masu son tsoro mai sanɗa, da ɓangaren samarin da ke son a nuna komai ɓaro-ɓaro, bai shiga kowane gida ba. A littafi ɗaya za ka ga tsohon salon fatalwa na Ingila, ka juya shafi ka faɗa cikin kisan gilla a titin Chicago.

Mai Gwanjo:
Ai jinin ne ya sa muka saya muna yara, Baban Sadiq. Kada ka zo nan kana mana fuskar malamai. Wa a cikinmu, yana ɗan shekara goma sha uku, ya fara karatu da labaran marubuci irin Ramsey Campbell? Sai da bangon Pan ya ja ka tukuna.

Maman Ilham:
Nan kam Malam ya yi gaskiya. Amma jan yaro daban, riƙe babba daban.

Ɗan Auta:
Baba, ka ce ya zaƙulo mutane. Kamar wa? Don in dai su Stephen King ne, ai ba sa buƙatar a zaƙulo su.

Baban Sadiq:
Tambaya mai kyau. Ɗauki Wayne Allen Sallee, mutumin Chicago. Labarinsa "Rapid Transit" ya fito a wata ƙaramar mujalla mai suna Grue a 1985, labarin wani da ya ga ana kashe mace daga inda yake jiran jirgin ƙasa, bai yi komai ba. Wagner ya ɗauko shi ya sa a juzu'i na 14, kuma ya ci gaba da ɗaukar labaransa a shekarun da suka biyo. Ba don haka ba, da labarin ya tsaya a hannun 'yan tsirarun da suka sayi mujallar. Haka "The Dark Country" na Dennis Etchison, a Fantasy Tales ya fara fitowa a 1981, mujallar masoya a Ingila, Wagner ya kai shi ga masu karatun Amurka. Sannan kowane labari sai ya rubuta masa 'yar gabatarwa, ya faɗi wane ne marubucin, ina aka haife shi, me yake yi, me ya buga. Ga wasu daga cikinsu, wannan 'yar gabatarwar ita ce kusan duk abin da za ka samu a kansu yau.

Kuma ba sababbi kaɗai ba. Shi da David Drake da Jim Groce sun kafa ƙaramar maɗaba'a mai suna Carcosa don ceto tsofaffin marubutan mujallun da ake bugawa a takarda mai arha a shekarun 1930, irin su Weird Tales. Littafi huɗu kacal suka fitar: biyu na Manly Wade Wellman, ɗaya na E. Hoffmann Price, ɗaya na Hugh B. Cave. Worse Things Waiting na Wellman, 1973, ya ci lambar World Fantasy, haka Murgunstrumm and Others na Cave, 1977. Cave ya daɗe da barin rubutun ban tsoro, wannan littafin ne ya dawo da shi, ya ci gaba da rubutu har ya rasu a 2004 yana da shekara 93. A 1977 kuma Wagner ya fitar da littattafai uku na Conan bisa asalin yadda Robert E. Howard ya buga su a Weird Tales, ba tare da gyare-gyaren da wasu suka cusa daga baya ba.

Fatalwar Zariya:
Wellman ɗin nan fa a Afirka aka haife shi, a Angola, 1903, mahaifinsa likita ne a can. Na ajiye wannan ne kawai don a san ni ma ina karatu.

Maman Ilham:
To, tun da an zo kan ta'aziyyar mujallu, ni ga inda nake da ja. Baban Sadiq, kai damuwarka an manta aikin edita. Ni damuwata irin rubutun da ake yi idan ɗayansu ya mutu. Ku duba yadda al'adar take a Locus, mujallar da Charles N. Brown ya kafa a 1968: a kawo tarihin mamaci, sannan abokai su biyo da nasu tunawa. Abu ne mai kyau, ban ce ba. Amma harkar ƙarama ce, kowa ya san kowa, kowa ya ci abinci da kowa a taron shekara. Sai ka ga duk rubutun ya zama labarin yadda aka yi hira har asuba a otal, da yadda mamacin yake da dariya. Game da Wagner kuwa kowa ya san giya ce ta cinye shi. Hanta da zuciya suka gaza yana da shekara 48. Akwai littattafan da ya yi alkawari bai gama ba. Aurensa ya mutu. Idan aka mayar da shan nan abin nishaɗi a cikin ta'aziyya, wai gwarzon zaman hira, an cuci na baya masu tasowa da za su ɗauka haka marubuci yake.

Mai Gwanjo:
Hajiya, a nan kam mun rabu. Mu an koya mana idan mutum ya kwanta dama a ambaci alherinsa, a bar sauran. Me tonon zai ƙara? Ya tafi, ba zai kare kansa ba, kuma yana da dangi. Ta'aziyya ba kotu ba ce.

Maman Ilham:
Malam, ban ce a ci mutuncinsa ba. Ranar zaman makoki daban, abin da za a buga ya zauna a laburare shekara hamsin daban. Kuma ba ni na fara ba. A 1997 Stephen Jones ya haɗa Exorcisms and Ecstasies, ya tattara ragowar labaran Wagner tare da rubuce-rubucen tunawa daga abokansa, ciki har da Ramsey Campbell da Peter Straub. David Drake, wanda suka kafa Carcosa tare, bai ɓoye komai ba a nasa, ya faɗi shan, ya faɗi yadda aikin ya dinga lalacewa. Wasu sun ga kamar ya yi tsauri. Ni kuwa nasa na fi yarda da shi, don wanda ya iya faɗin wannan, idan ya yaba maka abu ka san ba kara yake yi ba.

Nas Mai Dare:
Ina bayan Anti, amma da sharaɗi. Shaye-shaye ciwo ne, muna ganinsa kullum, kuma yawanci iyali suna ɓoyewa har sai hanta ta tafi. Idan za a faɗa, a faɗa a matsayin ciwo. Abin da ba na so shi ne masu mayar da shi ado, su ce wai baiwa ce ke ƙona mai ita. Ƙarya ne. Mutumin nan likita ne, ya san abin da kwalba ke yi wa jiki sarai, kuma sanin bai cece shi ba. Wannan kaɗai ya isa a rubuta.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, duk da halin da yake ciki, kundin shekara bai taɓa fashi ba. Dogayen littattafan da ya yi alkawari sun tsaya, amma karanta labaran wasu bai tsaya ba.

Baban Sadiq:
Nas, kin taɓo inda nake so. Shi ya sa nake cewa wanda zai rubuta ta'aziyyarsa da gaskiya dole ya tsaya a kan kundin. Masu cewa "kaico, da ya rayu da ya rubuta mana ƙarin Kane" suna kallon abin da bai yi ba ne. Abin da ya yi yana nan, juzu'i 15.

Mai Gwanjo:
Ni dai ban sauka daga matsayina ba. Drake abokinsa ne, yana da hurumin da zai faɗa. Mu da ba mu taɓa ganinsa ba fa? Yau kowane yaro mai waya sai ya buɗe baki ya ce ai mashayi ne, bai karanta ko shafi ɗaya na aikinsa ba. Abin da faɗin gaskiyar ya haifar ke nan.

Maman Ilham:
Wannan laifin yaron ne, Malam, ba laifin Drake ba.

Ɗan Auta:
Ku yi haƙuri in katse manya. Lambar yabon da Malam ya ambata fa?

Baban Sadiq:
Ƙungiyar British Fantasy Society ce ta sa wa lambarta ta musamman sunansa bayan rasuwarsa, Karl Edward Wagner Award. Ba'amurke ne, amma Ingila ta riƙe shi kamar nata, don yana yawan zuwa Landan kuma ya buɗe wa marubutansu ƙofar Amurka. Kuma shi an karrama shi yana raye, wanda ya fi. Weird Tales ta yi fitowa ta musamman a kansa a 1989. "Sticks" ya ci lambar British Fantasy, "Beyond Any Measure" ya ci World Fantasy a 1983, inda suka yi kunnen doki da Charles L. Grant.

Fatalwar Zariya:
Kun ga, ko Baban Sadiq da ya zo kare edita ya koma lissafa lambobin marubuci.

Baban Sadiq:
Auta ne ya tambaya!

Shugabar Zaure:
Ina bin ku tun ɗazu. Bari in jefa nawa, don akwai wani aikin edita da ya yi wanda ba kundi ba ne. A 1983 mujallar Twilight Zone, lokacin T. E. D. Klein ne editanta, ta buga jerin littattafan ban tsoro da Wagner ya fi so: 13 na aljanu da abin da ya fi ƙarfin hankali, 13 waɗanda babu aljani a ciki sai muguntar ɗan Adam, 13 masu alaƙa da kimiyya. Jimilla 39. Da yawansu ba wanda ya taɓa jin sunansu. Akwai R. R. Ryan, daga Ingila a shekarun 1930, wanda Wagner ya sa littafinsa ɗaya a kowane jeri. Masu tara littattafai suka bazama nema, farashi ya tashi, daga baya ƙananan maɗaba'u suka sake buga su. 'Yan shafuka a mujalla suka tayar da marubucin da aka binne da aikinsa. Har yau akwai masu bin jerin nan ɗaya bayan ɗaya.

Kuma Auta, kada ka ga abin kamar na Turawa ne kawai. Littattafan Hausa na farko da suka fito daga gasar 1933, su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, akwai hannun Rupert East a zaɓensu da shirya su a Zariya. Ɗalibai nawa ne suka haddace sunayen marubutan don jarrabawa ba su san wanda ya zauna ya karanta rubutun hannun ba?

Mai Gwanjo:
Shugaba, wannan jerin ya jawo mana wahala mu masu sayarwa. Mutum zai zo da takarda a hannu yana neman littafin da ko a Landan sai an sha wuya.

Maman Ilham:
Baban Sadiq, wata tambaya. Ka ce jerin ya mutu da shi kamar abin yabo ne. Ni ina ganin rauni ne. Ellen Datlow da Terri Windling sun fara nasu kundin shekara a 1988, Stephen Jones da Ramsey Campbell suka fara Best New Horror a 1990, manya-manya masu kauri da sharhin shekara. Kafin Wagner ya rasu an riga an sha gabansa a girma, kasuwar littattafan ban tsoro masu arha kuma tana durƙushewa a farkon shekarun 1990. Ko da ya rayu, anya DAW za ta ci gaba?

Baban Sadiq:
Kauri ba shi ne inganci ba, Hajiya. Kuma shekara takwas kafin su Datlow su shigo, wa ke riƙe da fagen? Su kansu sun tarar da hanya a share. Zancen kasuwa kuwa na ba ki, ta faɗi, marubuta da yawa sun rasa masu buga musu. Amma idan littafi ƙarami ne dole ka zaɓa da tsauri. Mai shafi ɗari biyar yana iya saka na abokai ya ce ai akwai wuri.

Maman Ilham:
Shi ma ai yana saka na abokai. Campbell kusan kowace shekara yana ciki.

Baban Sadiq:
Nuna mini shekarar da Campbell bai cancanta ba.

Ɗan Auta:
To ni yanzu da wanne zan fara? Na ji ana cewa "Sticks" ya yi kama da fim ɗin nan The Blair Witch Project.

Nas Mai Dare:
Mutane da yawa suna ganin kamar, saboda ƙirare da aka ɗaɗɗaure ana ratayewa a daji. Labarin ya fito a Whispers a 1974, fim ɗin kuwa 1999. Asalinsa daga mai zane Lee Brown Coye ne, wanda ya ba da labarin ya taɓa cin karo da irin waɗannan ƙirare a wani daji a jihar New York, ya kuma dinga saka su a zanensa. Shi ya yi wa Carcosa zanen littafin Wellman na farko da na Cave. Labarin yana cikin littafin Wagner mai suna In a Lonely Place na 1983, an sake buga shi kwanan baya, ba zai yi wuyar samu ba.

Baban Sadiq:
Kun gani ko? Zare guda na yi ina cewa a karanta abin da ya zaɓa, an ƙare an tura yaro ga abin da ya rubuta. Auta, nemi juzu'i na 10 ko na 14 na kundin shekarar.

Shugabar Zaure:
To a raba gardama. Karatun wannan mako biyu ne: "Sticks" da "Rapid Transit". Ranar Asabar bayan Isha'i za mu tattauna. Malam Mai Gwanjo, mako mai zuwa naka ne, ka zaɓo mana labari ɗaya daga Pan, amma don Allah wanda za a iya cin tuwo bayan an karanta.

Mai Gwanjo:
Wannan sharaɗin ya fitar da kusan rabin jerin, Shugaba. Zan duba juzu'i na farko.